Yawo a Kalaba Ranar Kalankuwa: Kurakuran da Baƙi Suka Fi Yi

Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba, gari ne da ke sa mutum ya ji yana son fita yawo ko da bai tsara komai ba. Ba shi da cunkoson Legas, ba shi da hayaniyar Fatakwal, ga itatuwa a gefen titi, ga kogi a gindin tudu. Wanda harka ta kai shi can a ƙarshen Disamba, ko ɗan kasuwa ne da ya kai albasa, ko ɗan bautar ƙasa, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, zai iya wayar gari ya ji ana cewa yau ne babban fareti, ya ce bari ya fita ya ba ido abinci, ya haɗa da ganin gari. Fitar ba laifi ba ce, kuma yawon da ba a shirya ba yakan fi wanda aka shirya daɗi. Sai dai ranar kalankuwa ba irin sauran ranaku ba ce. Tun da aka fara bikin a 2004, zamanin Gwamna Donald Duke, ranar babban faretin ta zama ranar da titi ba na mota ba ne. Yawancin wahalar da baƙi ke sha daga rashin sanin wannan take tasowa.

Kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar cewa garin a buɗe yake, za a shiga tasi a je nan, a dawo a je can, in an gaji a tsaya a kalli masu rawa. Faretin yana cin kimanin kilomita 12, kuma ba a bayan gari ake yinsa ba. Yakan tashi daga wajen Millennium Park, ya bi Titin Mary Slessor, ya shiga Titin Marian, ya karya ta Titin MCC, ya sauko ta babbar hanyar Murtala Mohammed, ya ƙare a filin wasa na U.J. Esuene. In ka duba taswira za ka ga zobe ne aka yi wa tsakiyar gari, kuma waɗannan titunan su ne jijiyoyin Kalaba. Babbar hanyar Murtala Mohammed ita ce mashigar gari ga duk wanda ya taso daga Odukpani, garin da ke arewa da Kalaba. Wanda ya taɓa maƙalewa a Kano ranar Hawan Daushe ya san yadda abin yake: gidan da kake hange da idonka sai ya gagare ka zuwa.

Gyaran ba wuya. Kafin ka sa takalmi, ka tambayi mai masaukinka abu ɗaya: a cikin zoben muke ko a wajensa, kuma ta wane gefe? Daga amsar za ka san inda ƙafa za ta iya kai ka. Sannan ka raba yininka biyu, safiya ta bakin kogi, yamma ta fareti. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai son ya haɗa su a lokaci guda yakan ƙare a cikin tasi, direba yana ta neman lungu, shi kuma yana jin kiɗa daga nesa bai ga komai ba.

Na biyu shi ne yarda da lokacin da aka sanar. Za ka ji an ce da safe za a buɗe, sai ka yi sammako, ka je ka kama wuri a bakin titi tun rana ba ta yi zafi ba. A al'adar bikin, sai an jira manya sun iso, an yi jawabai, an yanke kyalle, sannan ƙungiyar 'yan rawa ta farko ta motsa, kuma wannan yakan kai bayan azahar. Ƙungiyoyin ba a tare suke tafiya ba, ɗaya bayan ɗaya ne, da tazara mai tsawo a tsakani. Ta ƙarshe takan shiga filin wasa cikin tsakar dare, wani lokaci har goshin asuba. To wanda ya tsaya a rana tun ƙarfe tara, lokacin da abin kallo zai fara shi ƙarfinsa ya ƙare. Kuma zafin Kalaba ba irin namu ba ne. A Disamba mu muna fama da hunturu da tsagewar leɓe, su kuwa iskarsu a jiƙe take, gumi ba ya bushewa a jiki. Riga mai nauyi da ka sako saboda sanyin Zariya ko na Jos, nan azaba za ta zame maka. Sa yadi mara nauyi, takalmin da ka saba tafiya da shi, hula ko lema, da ruwa a hannu.

Waɗannan sa'o'in safiya da ake ɓatawa a bakin titi, su ne ya kamata a kai tsohuwar Kalaba, kuma a nan ne nake ganin an fi tafka asara. Mutane da yawa sukan zo su koma ba su san cewa garin da suka yi rawa a titinsa ya taɓa zama hedikwatar mulkin Turawa a kudancin ƙasar nan ba, kafin a mayar da ita Legas a 1906. Shaidar tana nan a kan tudu, ginin da ake kira Old Residency, wanda yanzu gidan tarihi ne na ƙasa. A Birtaniya aka ƙera shi gunduwa-gunduwa, aka ɗoro shi a jirgin ruwa, aka harhaɗa shi a nan a 1884. Bene ne na katako da ƙarfe, mai faffaɗar baranda. In ka hau sama ka tsaya, kogin Kalaba na shimfiɗe a ƙasanka, launin ƙasa-ƙasa, ga kwale-kwale suna ratsawa, ga duhun itatuwan fadama a wancan ƙetaren. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa Bature ya zaɓi wurin: duk jirgin da ya shigo ɗaukar manja sai an gan shi daga barandar. A ciki akwai kayan cinikin manja, da tsofaffin hotuna da takardu, da irin ƙarafan da aka yi amfani da su a matsayin kuɗi. A wannan garin ne Turawa suka ajiye Oba Ovonramwen na Benin bayan sun ci birninsa a 1897, kuma a nan ya rasu a 1914. Mu da muka san yadda aka yi da sarakunanmu da aka kai Lakwaja, labarin ba baƙo ba ne a kunnenmu.

In ka gangaro bakin ruwa akwai Marina Resort, a cikinta kuma akwai gidan tarihin cinikin bayi. Ba babba ba ne, sa'a ɗaya ta isa, amma ba a fitowa yadda aka shiga. Ɗakunan da duhu-duhu, an yi mutum-mutumi na bayi kwance a jere a cikin jirgi, ƙafa da mari, babu wurin juyawa. An kuma nuna irin kayan da ake musayar mutum da su, bindiga, barasa, tagulla. Ta wannan kogin da ke bayan ginin aka fitar da dubban mutane zuwa ƙetaren teku. Wasu sukan ce me zai kai su kallon baƙin ciki ranar biki. Ni a ganina wanda ya shiga nan da safe, ya fi fahimtar abin da zai gani da yamma, domin ƙungiyoyin faretin sukan taɓo irin wannan tarihi a wasanninsu.

Daga nan Duke Town ba nisa, unguwar tsofaffin attajiran Efik, ƙabilar garin, da tsohuwar majami'arta, da maƙabartar da aka binne Mary Slessor, 'yar Sikotilan ɗin da ta zo a 1876 ta rasu a 1915, wadda ake tunawa da ita saboda yaƙi da kashe tagwaye. Makarantar Hope Waddell, da aka kafa a 1895, ita ma tana wannan ɓangaren, Nnamdi Azikiwe ya taɓa zama ɗalibi a cikinta. Sai Kasuwar Watt, in kana son ganin busasshen kifi da jatan lande tuli-tuli. Duk waɗannan suna gefen kogi, wajen zoben faretin, kuma daga can zuwa inda ake tashi ba tafiyar da za ta gagari mai lafiya ba ce. Abu ɗaya kawai: lokacin hutu ne, ma'aikata ma suna son kallo. Ka sa mai masauki ya bincika maka ko gidan tarihin a buɗe yake kafin ka hau tudu.

Tinapa kuwa, cibiyar kasuwanci da shaƙatawa, ka bar ta sai wata rana. Sunanta ya yi tashe tun da aka buɗe ta a 2007, shi ya sa baƙo yakan fara tambayarta, amma tana can wajen gari ta arewa, hanyar dawowa kuma ita ce hanyar da za a rufe. Wurin ma bai zama abin da aka yi fata ba.

Akwai kuskuren da kogin kansa ke jawowa. Kana tsaye a bakin ruwa, iska na kaɗawa, sai wani ya matso ya ce zai tsallaka da kai Creek Town, wani tsohon gari a ƙetaren ruwa, ko ya zaga da kai, kuɗi kaɗan. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kunya kuma takan hana mu faɗa. In za ka shiga, ka shiga daga tashar da aka sani, inda ake rubuta sunan fasinja, a ba ka rigar kariya ka ɗaura ta da kyau, ba ka riƙe a hannu ba. Ka yi ciniki na zuwa da dawowa tun a tudu, ka kuma ji ƙarfe nawa za a dawo. Kada la'asar ta same ka a wancan ƙetaren. Zuwa Oron kuwa, garin bakin ruwa a Jihar Akwa Ibom, tafiya ce mai zaman kanta, ba ta ranar fareti ba, kuma an sha jin labarin 'yan fashin ruwa a wannan hanyar. Bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne. Haka nan ɗaukar hoto: hedikwatar rundunar sojan ruwa ta gabas tana Kalaba, gidan gwamnati ma yana kusa da wannan tudun. In ka ga kaki ko shinge, mayar da waya aljihu.

Wani abin da kan ba mutanenmu kunya shi ne rashin tambayar wace rana ce. Bikin na wata guda ne, kuma kwanakin ƙarshe kowanne da abin da ake yi: akwai ranar al'adun gargajiya, akwai ta yara, akwai ta masu babura da motoci, akwai babban faretin ƙungiyoyi, wanda a shekarun nan yakan faɗo wajen 28 ga Disamba. Jadawalin yana motsawa daga shekara zuwa shekara, don haka abin da abokinka ya gani bara ba hujja ba ne. Bambancin ba ƙarami ba ne ga wanda ya fito da iyali. Babban faretin irin na ƙasashen Karebiyan ne, shigar 'yan rawa da yawa a cikinsa gashin tsuntsu ce da duwatsu masu ƙyalli da ɗan abin da ba a rasa ba. Magidanci ya ɗebo uwargida da yara da surukarsa, ya sama musu wuri a sahun gaba, motar kiɗa ta farko ta iso, sai ka ga kowa ya rasa inda zai sa ido. Ba wanda ya yi masa laifi, garinsu ne, bikinsu ne. Shi ne bai tambaya ba. Wanda yake son abin da zai kalla da iyalinsa hankali kwance, ya nemi ranar al'adu, inda ake fitowa da rawar Efik, 'yan mata da tagulla a ƙafa da matsefai masu ruwan zinariya a gashi, da dodannin gargajiya, da tawagogin ƙananan hukumomi da na wasu jihohi. Ko ya nemi ranar yara.

In kuwa babban faretin ka zo gani, to kada ka bi shi. Wannan ma kuskure ne da ake yawan yi: kiɗa ya ɗebi mutum, ya shiga bayan ƙungiya ɗaya, ya yi ta tafiya, ya ƙare a MCC cikin dare, ƙungiya ɗaya tak ya gani, ita ma ta baya. Tsayawa ake yi, faretin ya zo ya same ka. Gasa ce, akwai alƙalai a wurare na musamman a kan hanya, kuma a gabansu ne kowace ƙungiya ke baje wasanta gaba ɗaya. A tsakanin wuraren alƙalan tafiya kawai ake yi, ana shan ruwa, ana gyara fiffike. Saboda haka ka tambayi inda alƙalai ke zama, ka tsaya kusa da na farko ko na biyu, inda za ka ga 'yan rawa da sauran ƙarfinsu kuma da hasken rana.

Sanin launi yana ƙara wa kallon armashi. Tsofaffin ƙungiyoyin biyar ne: Seagull ja, wadda Sanata Florence Ita-Giwa ke jagoranta, Passion 4 kore, Masta Blasta ruwan lemo, Bayside shuɗi, Freedom rawaya. Daga baya an ƙaro Diamond da Calas Vegas. Kowace shekara akwai jigo, a 2017 misali ƙaura ce, kuma kowace ƙungiya da yadda take fassara shi. Za ka fara jin ƙungiya a ƙirjinka kafin ka gan ta, domin tirela ce shaƙe da lasifika da janareto. Sai matasa riƙe da igiya hagu da dama suna tura mutane baya. Sai sahu-sahu na 'yan rawa, kowane sahu da shigarsa. Can sai sarki da sarauniyar ƙungiyar, cikin kayan da suka fi faɗin mota, an ɗora su a kan ƙananan tayoyi, mutum ɗaya a tsakiya yana ja, gumi na zuba ta ƙarƙashin kwalliyar fuskarsa, yana murmushi saboda alƙali na kallo. Wanda bai san da jigo ba zai ga tarkace ne masu ƙyalli. Wanda ya sani zai gane cewa wancan kwale-kwalen kwali da ke wucewa labari yake bayarwa.

Wurin tsayawa kuma ba maganar kallo kaɗai ba ce. A ranar 27 ga Disamba 2022, lokacin faretin masu babura, wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo a Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, mutane suka mutu, wasu da dama suka jikkata, har Gwamna Ben Ayade ya dakatar da faretin na ranar. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Abin da mai kallo zai iya yi wa kansa shi ne kada ya sauka kan kwalta, kada ya tsaya a kwana ko bakin mahaɗa, ya hau dakali ko barandar shago, ya kuma san lungun da zai bi in an ruɗe. Ranar babura da motoci ta fi kowace rana bukatar wannan. Yaro kuwa a kafaɗa ko a hannu, da lambar wayarka a rubuce a aljihunsa.

Tun da an ambaci Bogobiri, rashin sanin ta ma kuskure ne, domin ita ce ke warware wa Bahaushe matsala uku a wuri ɗaya: salla, abinci, da labarin hanya. Tana dab da Titin Mary Slessor, ba nisa da inda faretin ke tashi. Akwai masallaci, akwai masu tsire da masu shayi da 'yan canji. Ka yi azahar a can kafin ka shiga taro, domin da zarar ka nutse a cikinsa neman wurin alwala aiki ne. Ka kuma yi sallama ga wani dattijo ka ce, "Baba, baƙo ne ni, masaukina yana wajen kaza, in dare ya yi ta ina zan ɓulla?" Mutanen da suka shekara da shekaru suna kallon bikin daga ƙofar shagonsu sun fi taswirar waya sanin titin da ake fara buɗewa.

Kada kuma tsire ya hana ka ɗanɗana girkin garin, don Kalaba da girki aka san ta. Miyar edikang ikong ta ganyen ugu, da afang, da ekpang nkukwo na gwaza da aka naɗe a ganye, duk sun cancanci a zauna musu. Kuskuren shi ne ci ba tambaya. Miyar takan haɗa nama iri-iri da ganda da dodon koɗi, kuma a garin ana cin alade, ana cin kare, wanda suke yi wa laƙabi da 404. In ka ga lambar nan a allon gidan abinci, ba lambar gida ba ce. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi miyar kifi zalla, ka faɗa a fili cewa kai Musulmi ne. Sun saba, ba wanda zai ji haushi. Ka ci kafin faretin ya kankama, domin bayan haka abin da za ka samu a bakin titi ya ninka kuɗi, kuma yawancin abin da ke cikin kulolin ƙanƙara giya ce, sai ka duba kafin ka miƙa hannu.

Waya da kuɗi ba sa bukatar dogon bayani. Inda dubban mutane suka taru suna ɗora bidiyo, sabis yakan tsaya cak, taransifa ta maƙale, mai POS ya ɗaga kafaɗa. Riƙe tsabar kuɗi ƙanana, ka raba su aljihu biyu. Waya a aljihun gaba. In ku biyu ne ko fiye, ku ajiye magana tun da rana: in mun rabu, mu haɗu a wuri kaza ƙarfe kaza. "Zan kira ka" ba ta aiki a ranar.

Sai komawa masauki, wadda ba a tuna ta sai ƙafa ta yi nauyi. Mutumin Arewa ya saba in ya gaji ya ɗaga hannu ɗan acaɓa ya tsaya. A cikin Kalaba an daɗe da hana acaɓa, tasi kuma ba ta ratsa titin da aka rufe, wadda ta samu hanya za ta faɗi kuɗin da ta ga dama. Saboda haka tun farko ka tsaya kallo a gefen titin da masaukinka yake, ba ɗaya gefen ba, don tsallaka titi a tsakiyar fareti sai an yi da gaske. Ba dole ne ka ga ƙungiyoyin duka ba, uku sun isa ka san yadda abin yake. Ka tashi da sauran ƙarfinka, kafin a watse gaba ɗaya kowa ya fito neman mota a lokaci guda.

Mai niyyar barin gari a daren ko da asubar gari ya sake lissafi. Hanyar filin jirgin sama na Margaret Ekpo daga tsakiyar gari takan ratsa Titin Marian, jirage kuma a wannan makon a cike suke. Ta mota kuwa, hanyar Kalaba zuwa Itu ta yi ƙaurin suna wajen lalacewa da jerin tireloli, ga ayarin masu komawa Uyo da Aba da Fatakwal duk a rana ɗaya. In da hali ka ƙara kwana, ka biya kuɗin ɗakin tun kafin ka fita yawon, domin a makon nan ɗakin da aka bari da baki kawai ba ya jiran mai shi.